SAKKWATO ZUWA MAIDUGURI TA SAMA: Tafiyar Awa Ɗaya Da Kwata Mai Cin Yini Guda

Tsakanin filin jirgin sama na Sakkwato da na Maiduguri akwai nisan kilomita kamar 865, watau mil 537 ke nan a tsohon lissafi, in an miƙe sak ta sama babu ratse. Jirgin fasinja irin na zamani yana iya cinye wannan tazara cikin awa ɗaya da kwata, ko da 'yan mintoci a kai. Amma duk da haka mutumin da ya tashi daga ɗayan biranen nan zai tafi ɗayan, ba kasafai yakan isa ba sai ya ɓatar da yini guda cur, wani lokaci ma har ya kwana a hanya. Dalili kuwa shi ne galibin jiragen da ke tashi daga Sakkwato da Maiduguri kudu suke dosa, Abuja ko Ikko, watau Legas. Mai son zuwa gabas ko yamma tilas ya gangara kudu tukuna, ya zauna jiran wani jirgi, sa'an nan ya sake hawowa arewa.

Al'amarin ya shafi jama'a masu yawa. Jami'ar Sakkwato da ta Maiduguri duka a shekarar 1975 aka kafa su, kuma malamansu suna zuwa wa juna duba jarrabawa da taron ƙara wa juna ilmi. Akwai ma'aikatan Gwamnatin Tarayya da ake yi wa canjin wurin aiki, da likitoci, da alƙalai, da samari da 'yan mata masu aikin bautar ƙasa, da iyalan da aure ko fatauci ya raba tsakanin ƙasar Sakkwato da ƙasar Barno. Saboda haka ya kamata a duba yadda ake auna wannan nisa, da abin da ya sa tafiyar ta ɗara awon tsawo, da kuma abin da za a iya yi a kai.

YADDA AKE AUNA NISAN

Masana labarin ƙasa sun zana wa duniya layuka iri biyu a taswira. Waɗansu sun kwanta daga gabas zuwa yamma, waɗansu sun miƙe daga arewa zuwa kudu, kowane layi da lambarsa ta digiri. Da waɗannan lambobi ne matuƙin jirgi yake sanin mazaunin kowane fili a bayan ƙasa. Filin Sakkwato, mai sunan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, yana kusa da digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, da kuma digiri 5 da 'yan kai gabas da layin Greenwich na Ingila. Na Maiduguri, wanda aka sa wa sunan Muhammadu Buhari a 2023, yana kusa da digiri 12 arewa, da digiri 13 da ɗan ɗori gabas.

Daga yamma zuwa gabas, ratar da ke tsakaninsu digiri 7.87 ce. A wannan sashe na duniya faɗin kowane digiri ɗan ƙasa yake da kilomita 109, saboda haka jimlar ta kama kamar kilomita 856. Daga arewa zuwa kudu kuwa ratar digiri ɗaya ce da ɗan ɗori, kamar kilomita 117. Ɗalibin da ya iya lissafin dogon gefen alwatika zai haɗa waɗannan biyu ya sami kilomita 865 in an cike. Su matuƙa da wani ma'auni suke aiki, wanda ake kira mil na teku, kowane ɗaya kilomita 1.852 ne. A bakinsu nisan mil 467 ne.

Ko wanda bai taɓa buɗe taswira ba ya san wannan rata ta wata hanya. Rana tana ɗaukar minti 4 kafin ta ƙetare digiri ɗaya. Shi ya sa a watan azumi mutanen Yerwa sukan riga Sakkwatawa shan ruwa da kamar rabin awa, alhali agogon ƙasar ɗaya ne.

To, abin lura shi ne inda sauran biranen suka faɗo game da wannan miƙaƙƙen layi. Daga filin Sakkwato zuwa na Malam Aminu Kano kamar kilomita 373 ne, daga Kano zuwa Maiduguri kuma kamar 497. Jimla 870 ke nan. Watau jirgin da ya ya da zango a Kano bai ƙara ko kilomita 10 a kan hanyarsa ba, domin Kano a kan layin take zaune ɗas. In ta Kaduna aka bi, tafiyar ta zama kamar kilomita 980. In ta Abuja ce, ta kai kamar 1,200. Wanda kuwa larura ta sa ya bi ta Ikko, ya yi tafiyar kamar kilomita 1,950, fiye da ninki biyu na ainihin nisan.

Ƙarin kilomitocin ma ba su ne babbar wahala ba. Wahalar tana wajen jira. Jirgin da ya kawo fasinja Abuja daga Sakkwato ba lalle ne ya sauka kafin na Maiduguri ya tashi ba, musamman in kamfanonin daban ne. In an sami jinkiri a zangon farko, tikitin zango na biyu yana iya salwanta, ga kuɗin masauki, ga kuɗin mota zuwa cikin gari da komowa. Hangen Dala ba shiga birni ba.

HANYAR DA TA RIGA SAURAN

Wani abin mamaki shi ne hanyar gabas da yamma ita ce tsohuwar hanyar wannan ƙasa. Ta nan fatake suke bi da kanwa da goro da tufafi, ta nan alhazai suke bi a ƙasa su ratsa Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. Baturen nan Hugh Clapperton ya bar Kukawa cikin watan Disamba na 1823, ya shiga Kano cikin Janairu na 1824, ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello cikin watan Maris. Wata uku ke nan, har da hutawar da ya yi a Kano.

Da jirgin sama ya zo, shi ma ta gabas ya ɓullo. Ran 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na mayaƙan saman Ingila, a ƙarƙashin Arthur Coningham, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar, sun biyo ta Sudan da Chadi. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja daga Khartum zuwa Kano, yana tsayawa a Fort Lamy, watau Njamena ta yau, da kuma Maiduguri. A cikin wannan shekara aka ƙara tsawon hanyar ta bi ta Kaduna har Ikko. Sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, daga 1940 Turawa suka riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana, suna tuƙo su ta Ikko da Kano da Maiduguri zuwa Khartum da Alƙahira. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya. Ashe ke nan Maiduguri, wadda yau ake gani kamar ƙarshen hanya, a wancan zamani ƙofar shigowa ce. Har yanzu ma a takardun matuƙa na duniya, sararin samaniyar Nijeriya da sunan Kano aka san shi.

Jirgin ƙasa bai toshe giɓin ba. Hanyar dogo ta yamma ta tsaya a Ƙauran Namoda tun 1929, ba ta ƙarasa Sakkwato ba. Ta gabas kuwa sai a 1964 ta isa Maiduguri, ita ma daga wajen Jos ta taso, ta bi ta Bauci da Gwambe. Duka biyun an shimfiɗa su ne domin gyaɗa da auduga da fatu su gangara bakin teku. Tun daga nan hanyoyin ƙasar nan suka juya fuska kudu.

ZAMANIN KADUNA DA NIGERIA AIRWAYS

Tun daga 1917 har 1967 Kaduna ce hedkwatar Arewa. Duk wata takarda ta mulki, daga Lardin Sakkwato ko Lardin Barno, nan take zuwa. Masaƙar farko ta Kakuri ta fara aiki a 1957, waɗansu suka biyo baya, unguwannin kudancin kogi irin su Nasarawa da Makera suka cika da ma'aikata daga kowane lardi. Da aka ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma, Maiduguri ta zama ta Jihar Arewa maso Gabas, amma ayyukan da jihohin suka yi tarayya a kansu daga Kaduna aka ci gaba da gudanar da su har 1976.

A waɗannan shekaru kamfanin jiragen sama na gwamnati, wanda aka kafa a 1958 aka kuma san shi da sunan Nigeria Airways, shi kaɗai ke jigilar fasinja a cikin gida. Yana da ƙananan jirage ƙirar Fokker masu tsayawa zango-zango, su sauke waɗansu a Kaduna ko Kano, su ɗauki waɗansu, sa'an nan su wuce Sakkwato ko Maiduguri. Da yake kamfanin na gwamnati ne, ba riba kaɗai ake dubawa ba wajen tsara hanyoyinsa. An ɗauka cewa kowace hedkwatar jiha tana da hakkin jirgi ya je mata.

Abubuwa uku suka sauya wannan tsari. Na farko, a shekarun 1980 aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, kamfanoni irin su Kabo Air na Kano da Okada Air suka shigo, shi kuwa ɗan kasuwa inda fasinja ya fi yawa can yake kai jirginsa. Na biyu, ran 12 ga Disamba, 1991, Gwamnatin Tarayya ta tare a Abuja, ma'aikata da 'yan kwangila da 'yan siyasa duk suka karkata can. Na uku, Nigeria Airways ya durƙushe saboda bashi da rashin kyakkyawan riƙo, aka rufe shi a 2003.

Kaduna kanta ta ji a jikinta. A ɗauki misalin ma'aikacin da ke zaune a unguwar Nasarawa, aka tura shi aiki Sakkwato. Daga gidansa in ya hau hanyar Nnamdi Azikiwe ya ƙetare kogi ya fita ta Mando, ga filin jirgi nan a arewa maso yammacin gari, kuma daga filin zuwa Sakkwato kilomita kamar 336 ne kawai ta sama, zuwa Maiduguri kamar 642. Amma galibin jiragen da ke tashi daga Kaduna Ikko suke nufa. Sau da yawa sai dai ya je tashar Rigasa ya shiga jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016, ya ba Sakkwato baya ya tafi Abuja, sa'an nan ya hau jirgin da zai sake bi ta samaniyar ƙasar Kaduna. Filin na Kaduna kuwa ya riga ya nuna abin da zai iya. A 2017, sa'ad da aka rufe filin Abuja mako shida, daga Maris zuwa Afrilu, domin gyaran titin sauka, nan aka karkato da jiragen babban birnin.

ABIN DA KAMFANONI KE LISSAFAWA

Ba za a ɗora wa kamfanoni laifin duka ba, domin lissafinsu a fili yake. Jirgi ƙirar Boeing 737 yana ɗaukar mutum fiye da 120. Ko ya cika ko bai cika ba, mai kusan ɗaya zai sha, albashin matuƙa da kuɗin sauka ba su raguwa. Kayan gyara da inshora da kuɗin hayar jirgi galibi da dalar Amurka ake biyansu, alhali tikiti da naira ake sayar da shi. Man jirgin ma a tankar mota ake hawo da shi daga bakin teku, saboda haka ya fi tsada a filayen Arewa. In mutum 30 ne kaɗai za su tashi daga Sakkwato zuwa Maiduguri a yini, babban jirgi asara zai yi.

Yanayi ma yana da nasa rabo. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewa maso gabashin Tafkin Chadi, hazo ya rufe sama har matuƙi ya kasa hangen titin sauka, a soke tashi ko a jinkirta. Da bazara kuwa zafi yakan wuce digiri 40 a biranen biyu. Iska mai zafi ba ta da kauri, fukafukai ba su samun abin dogara sosai, saboda haka jirgi yana bukatar doguwar tsere kafin ya ɗaga, ko kuwa a rage masa kaya. Titin sauka na kowane ɗayan filayen ya kai mita 3,000, shi ya sa manyan jiragen alhazai ke iya tashi daga can. A lokacin aikin hajji maniyyaci yakan tashi daga Sakkwato ya sauka ƙasa mai tsarki a jirgi ɗaya, abin da mai zuwa Maiduguri ba kasafai yake samu ba. Har wa yau doka ta tilasta wa kowane jirgi ya ɗauki man da zai kai shi wani fili dabam in na gabansa ya ƙi saukuwa. A nan ma Kano, da take tsakiya, ita ce mafaka mai dacewa.

ME YA SA ABIN YA WUCE MAGANAR JIN DAƊI

Wanda ya kasa biyan tikiti biyu sai ya bi mota. Hanyar ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Gusau da Funtuwa zuwa Kano, daga nan ta wuce Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, kamar kilomita 1,100 gaba ɗaya. Ba a yin ta a yini ɗaya cikin natsuwa, galibi a Kano ake kwana. Da can gajiya da haɗarin mota kaɗai ake tsoro. Amma tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a gabas a 2009, 'yan bindiga kuma suka addabi ƙasar Zamfara da maƙwabtanta, dukan ƙarshen hanyar biyu sun zama abin fargaba. Ran 9 ga Fabrairu, 2020, aka kashe matafiya kimanin 30 a garin Auno, kusa da Maiduguri, waɗanda dare ya yi musu aka rufe ƙofar shiga birni suka kwana cikin motocinsu.

Mutanen Barno sun ɗanɗana zama babu jirgi. Bayan harin da aka kai sansanin mayaƙan sama na Maiduguri ran 2 ga Disamba, 2013, an dakatar da jiragen fasinja a filin har tsakiyar 2015. Fiye da shekara ɗaya da rabi marar lafiya da ɗalibi da ma'aikaci ba su da mafita sai hanyar Damaturu. A irin wannan hali jirgin sama ya tashi daga abin alfarma na masu hannu da shuni, ya koma abin tsare rai.

YADDA WAƊANSU ƘASASHE SUKA YI

Nijeriya ba ita kaɗai ke da garuruwa masu nisa da ƙarancin fasinja ba. A can ƙuryar arewacin ƙasar Norwe, inda duwatsu da ƙanƙara ke tsare hanyar mota, kamfanin Widerøe yana da ƙananan jirage masu farfela, masu kujeru 39, da ke tashi daga Tromsø su bi garuruwan bakin teku irin su Hammerfest da Vadsø ɗaya bayan ɗaya har Kirkenes. Gwamnatin ƙasar ce ke ba da kwangilar hanyoyin, ta cika wa kamfani abin da kuɗin tikiti ya kasa biya. Amurka, sa'ad da ta sakar wa kamfanonin jirage mara a 1978, a cikin dokar ta tanadi tallafi domin kada a yar da ƙananan garuruwa. Indiya ta fito da shirinta mai suna UDAN a 2016, inda ake ƙayyade kuɗin waɗansu kujeru a hanyoyin ƙananan birane, gwamnati ta biya ragowar.

Darasin da ke cikin misalan nan biyu ne: jirgi daidai yawan fasinja, da kuma hukumar da za ta tsaya wa hanyar har ta kafu. Na farkon ya soma samuwa a gida. A 2023 kamfanin Rano Air na Kano ya fara aiki da jirage ƙirar Embraer masu kujeru 50, Sakkwato da Maiduguri suna cikin biranen da ya fara zuwa. Jihar Akwa Ibom kuma ta nuna tun 2019, da kamfaninta na Ibom Air, cewa gwamnatin jiha tana iya shiga wannan sana'a. Ma'aikata ma ba za su gagara ba, domin makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya tana horar da matuƙa da injiniyoyi da masu ba jirage hanya tun bayan kafa ta a 1964.

Abin da ya rage shi ne tsari. Jirgi mai kujeru 50 ko 70 da zai tashi daga Sakkwato da safe, ya tsaya Kano rabin awa, ya wuce Maiduguri, ya komo ta wannan hanya da yamma, yana da kasuwa uku a tafiya ɗaya: masu sauka Kano, da masu hawa daga Kano, da masu wucewa gaba ɗaya. A waɗansu ranakun ana iya maye Kano da Kaduna, ƙarin bai wuce kilomita 115 a kan miƙaƙƙen layi ba. Ko da tsayawar, fasinja zai isa cikin awa uku ko ƙasa da haka, da tikiti ɗaya, kayansa kuma ba su sauka ba.

Gwamnonin jihohin Arewa 19 suna da ƙungiya, a Kaduna sukan yi taronsu, suna kuma da kamfanin zuba jari na haɗin gwiwa, watau NNDC, mai hedkwata a wannan gari. In jihohin da hanyar ta shafa suka yi alkawarin sayen waɗansu kujeru a kowane mako domin ma'aikatansu da ke tafiya aiki, kuɗin da ake kashewa yanzu a tikiti biyu da masaukin Abuja shi zai riƙe hanyar har 'yan kasuwa da sauran jama'a su saba da ita. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Filayen suna nan, titunan saukarsu sun isa, nisan kuwa bai ƙaru ba tun ran da aka auna shi. Saura a sami masu zama su tsara jadawalin.